Tambayoyi da amsoshi kan yadda saƙonnin jiki ke zaɓa wa ƙwayoyin tushe makomarsu

Mece ce ƙwayar tushe, kuma me ya raba ta da sauran ƙwayoyin halitta?

Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30 zuwa 37, waɗanda suka kasu fiye da nau'i 200, kuma mafi yawansu sun riga sun kama aiki guda ba sa barinsa, kamar jar ƙwayar jini mai ɗaukar iskar oksijin ko ƙwayar tsokar zuciya mai bugawa. Ƙwayar tushe ta bambanta da su ta fuska biyu: tana iya rabuwa ta haifi irinta ba tare da ta sauya ba, sannan tana iya haifar 'ya'yan da za su zama wani nau'i mai aiki na musamman. Ba duka ƙwayoyin tushe ne ke da faɗin zaɓi iri ɗaya ba. Waɗanda ke cikin ɗan tayi a wajen kwana na biyar bayan haɗuwar maniyyi da ƙwai suna iya zama kowane nau'i na jiki, kuma James Thomson ne ya fara rainon irinsu na mutum a ɗakin gwaje-gwaje a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1998. Waɗanda ke jikin baligi kuwa, a ɓargo ko hanji ko fata, zaɓinsu ya tsaya ga dangin sashen da suke zaune a ciki. James Till da Ernest McCulloch ne suka kawo hujjar samuwar irin waɗannan a Toronto ta Kanada a 1961, lokacin da suka zuba ƙwayoyin ɓargo a jinin ɓeraye suka ga curi-curi na sababbin ƙwayoyin jini suna tsirowa a saifa.

Idan kusan dukkan ƙwayoyin jiki DNA ɗaya gare su, me ya sa ƙwayar hanta ba ta kama da ta ƙwaƙwalwa?

Domin ba abin da ƙwaya ta mallaka ne ke bayyana ta ba, sai abin da take karantawa daga cikinsa. Mutum yana da sassan gado kimanin 20,000 da kowanne ke ɗauke da umarnin ƙera furotin, kuma kowane nau'in ƙwaya yana kunna wani rukuni daga ciki ya bar saura a rufe. Masu wannan kunnawa da kashewa wasu furotin ne da ke hawa kan DNA a gurabe na musamman, waɗanda za mu kira makunnai. Uku daga cikinsu, Oct4 da Sox2 da Nanog, su ne ke riƙe ƙwayar tushe ta tayi a halinta na rashin zaɓi, domin kowannensu yana ƙarfafa sauran biyun, kuma tare suke danne sassan gadon da za su kai ƙwayar ga wani aiki. Ƙwarewa tana farawa ne lokacin da wannan ƙawance ya warware wasu makunnan suka karɓi ragama, kuma abin da ke warware shi yawanci saƙo ne da ya zo daga wajen ƙwayar.

Me ake nufi da saƙo a nan, kuma yaya yake isa ga DNA?

Saƙon sinadari ne, galibi furotin, da wata ƙwaya ke fitarwa, ya tafi ya kama wani makarɓi a fatar ƙwayar da aka nufa. Mafi yawan irin waɗannan furotin ba sa shiga ciki da kansu, sai dai makarɓin ya sauya siffa ya tayar da jerin sauye-sauye a ciki har labarin ya kai cibiyar ƙwayar inda DNA yake.

Hanyar Wnt, ɗaya daga cikin waɗannan furotin masu kai saƙo, ta cancanci a tsaya a kanta, domin tsarinta ya saɓa wa abin da mutum zai yi tsammani. Ƙwaya tana ƙera wani furotin mai suna beta-katenin a kowane lokaci, kuma a kowane lokaci wata ƙungiyar furotin, wadda APC da Axin da GSK3 ke cikinta, tana kama shi ta sa masa alamar da za ta kai a rushe shi. Idan Wnt ya iso ya kama makarɓinsa mai suna Frizzled, sai ƙungiyar rusawar ta daina aiki, beta-katenin ya taru, ya shiga cibiya, ya haɗu da makunnan da ke jiransa a kan DNA su kunna sassan gado. Wato ƙwayar tana asarar kuzari tana ƙerawa tana rusawa domin kawai ta kasance cikin shirin amsawa da zarar saƙo ya zo. Roel Nusse da Harold Varmus ne suka gano ɗan farko na dangin Wnt a 1982 suna binciken sankarar mama a ɓeraye, daga baya aka gane shi ne sashen gadon da idan ya lalace a wani ƙaramin ƙuda yake hana shi fukafukai.

Sauran hanyoyin kowace da salonta. Dangin TGF-beta, wanda ya haɗa da Activin da Nodal da BMP, yana aiki ta wasu furotin masu suna SMAD, waɗanda makarɓi ke liƙa wa fosfet su wuce cibiya. Notch ba ya tafiya ko'ina, sai ƙwayoyi biyu sun taɓa juna, inda furotin Delta na fatar ɗaya ke jan makarɓin Notch na ɗayar har a yanke jelarsa ta ciki, jelar kuma ita ce ke tafiya cibiya. Sinadarin retinoyik, wanda jiki ke samarwa daga bitamin A, ƙarami ne mai narkewa a kitse, saboda haka yana ratsa fatar ƙwaya ya tarar da makarɓinsa a cikin cibiyar kanta.

Ta yaya masana suka fara gane cewa maƙwabta ne ke gaya wa ƙwaya abin da za ta zama?

A gwajin da aka wallafa a 1924 daga Freiburg ta Jamus, Hilde Mangold, ɗalibar Hans Spemann, ta yanki ɗan ƙaramin sashe daga gefen baya na tayin wata halittar ruwa dangin kwaɗo ta dasa shi a gefen ciki na wani tayin mai launi daban. Sai tayin ya fito da baya na biyu, da laka ta biyu, a wasu ma har da somin kai na biyu, kuma bambancin launin ya nuna cewa mafi yawan sabon jikin daga ƙwayoyin mai masauki aka gina shi, wato guntun da aka dasa umarni ya bayar. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a 1935. Mangold ta rasu a haɗarin gobara tun a shekarar da aka wallafa aikin.

An yi kusan shekara saba'in ana neman sinadarin da guntun ke fitarwa, kuma da aka same shi sai ya zo da mamaki. Furotin Noggin, wanda aka gano a ɗakin binciken Richard Harland a 1992, da 'yan uwansa Chordin da Follistatin, ba sa cewa ƙwaya ta zama jijiya. Abin da suke yi shi ne kama BMP su hana shi isa ga makarɓinsa. BMP ne ke tura ƙwayoyin shimfiɗar waje, ɗaya daga shimfiɗu uku (ta waje, ta tsakiya da ta ciki) da tayi ke fara kasuwa, su zama fata, kuma inda aka tare shi sai su bi hanyar zama ƙwaƙwalwa da laka. Wannan sani ya dawo da amfani kai tsaye a 2009, lokacin da ɗakin binciken Lorenz Studer a New York ya nuna cewa idan aka toshe hanyar BMP da ta Activin a lokaci guda, mafi rinjayen ƙwayoyin tushe na mutum suna komawa magabatan ƙwayoyin jijiya cikin ƙasa da mako biyu.

Hanyoyin saƙon ba su da yawa, to yaya suke samar da nau'i fiye da 200?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci, kuma a nan ne bayanai masu sauƙaƙawa suka fi ɓatar da mai karatu, domin sukan nuna kamar kowane saƙo yana da ma'ana guda tsayayya. Gaskiyar ita ce Wnt da BMP da Activin da FGF da Notch da Hedgehog da retinoyik su ne ake ta maimaitawa daga makon farko na tayi har tsufa, kuma ma'anar kowanne tana rataye ne a kan yawansa, da lokacin zuwansa, da abin da ya zo tare da shi, da kuma tarihin ƙwayar da ta karɓe shi.

Game da yawa, babu misalin da ya kai na laka. A tayi akwai wata sanda mai taushi a ƙarƙashin bututun da zai zama laka, kuma ita da ƙasan bututun suna fitar da furotin Sonic hedgehog, wanda yake da yawa a kusa ya riƙa raguwa da nisa, alhali BMP yana saukowa daga saman bututun. Ƙwayoyin da ke jere a tsakani suna auna abin da ya iso gare su, kuma rabin bututun na ƙasa yana kasuwa gida biyar na magabatan jijiyoyi daban-daban, ɗaya daga ciki shi ne mai haifar jijiyoyin da ke motsa tsoka. Binciken ɗakin Thomas Jessell a Jami'ar Columbia ya nuna cewa ninka yawan saƙon sau biyu ko uku ya isa ya sauya makomar ƙwaya daga wani gida zuwa na kusa da shi. Abin da ke sa iyakokin su fito sarai duk da cewa saƙon a hankali yake raguwa shi ne makunnan da ke hamayya da juna, kamar Nkx2.2 da Pax6, waɗanda kowanne ke kashe ɗan uwansa, ta yadda ƙwaya ba za ta daɗe a tsaka-tsaki ba. Lewis Wolpert ya tsara wannan tunani tun 1969, kafin a san ko ɗaya daga sinadaran da ke yin aikin.

Game da lokaci kuwa, zuciya ce ke ba da darasi. Domin a sami ƙwayar tsokar zuciya daga ƙwayar tushe, dole a fara kunna hanyar Wnt da ƙarfi don a kai ta shimfiɗar tsakiya, sannan bayan kamar kwana uku a toshe wannan hanyar dai. Idan aka bar ta a kunne, zuciya ba za ta samu ba. Wata hanya da aka wallafa daga Wisconsin a 2012 ta yi wannan da ƙananan sinadarai biyu kacal, ɗaya mai kunnawa ɗaya mai toshewa, kuma bayan mako guda da 'yan kwanaki sai a ga shimfiɗar ƙwayoyin tana bugawa da kanta a cikin faranti.

Haɗuwa da wani saƙon ita ma tana juya ma'ana. Activin a madaidaicin yawa tare da FGF2 shi ne ke riƙe ƙwayar tushe ta mutum ba ta ƙware ba, amma Activin ɗin nan idan aka ƙara yawansa aka haɗa shi da Wnt sai ya tura ta shimfiɗar ciki, wadda daga gare ta hanji da hanta da huhu ke fitowa. Tarihi kuma yana rubuce a jikin DNA ɗin kansa, domin duk zaɓin da ƙwaya ta yi yana barin alamomin sinadari, irin su ɗigon metil, waɗanda ke naɗe wasu yankuna su rufe su, wasu kuma su bar su a buɗe. Saboda haka idan SMAD ko beta-katenin ya iso cibiya, abin da ya tarar a buɗe kaɗai zai iya kunnawa, kuma wannan ne ya sa BMP ke cewa fata a wani wuri, ya ce ƙashi a wani wurin.

Shin sinadarai ne kaɗai saƙo?

A'a, taurin wurin da ƙwaya ta zauna shi ma saƙo ne. A 2006 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun raini ƙwayoyin tushe na ɓargo a kan shimfiɗu masu tauri daban-daban, suka ga waɗanda ke kan mai laushi irin na ƙwaƙwalwa sun fara nuna alamun jijiya, na kan matsakaici alamun tsoka, na kan mai tauri kuma alamun ƙashi. Furotin biyu, YAP da TAZ, suna cikin masu isar da wannan labari, domin suna shiga cibiya idan ƙwaya ta miƙe a kan abu mai tauri, su tsaya a waje idan wurin mai laushi ne ko ƙwayoyin sun cunkushe.

Wannan duk labarin tayi ne, ko yana ci gaba a jikin baligi?

Yana ci gaba kowace rana, kuma hanji ne wurin da aka fi ganinsa a fili. Shimfiɗar cikin ƙaramin hanji tana sabunta kanta cikin kwana uku zuwa biyar, daga ƙwayoyin tushe da ke ƙasan wasu ƙananan ramuka, waɗanda ɗakin binciken Hans Clevers a Utrecht ta Holand ya gano alamarsu mai suna Lgr5 a 2007. A ƙasan ramin Wnt yana da yawa, kuma maƙwabta na kusa suna ba da EGF, furotin mai ƙarfafa rabuwa, da saƙon Notch, alhali ana tare BMP. 'Ya'yan da aka haifa suna ture juna zuwa sama, kuma gwargwadon nisansu daga ƙasan, gwargwadon raguwar Wnt da ƙaruwar BMP, har su daina rabuwa su kama aiki. A kan hanya Notch ne ke raba su biyu: wadda Notch ɗinta ya kunnu tana zama mai tsotsar abinci, wadda nata ya mutu tana zama mai fitar da majina ko sinadaran sarrafa narkewa, kuma wannan ta biyun tana kunna Notch na maƙwabtanta don kada su bi ta, shi ya sa ake samun irinta a warwatse. A 2009 Toshiro Sato ya nuna cewa ƙwaya guda mai Lgr5, idan aka ba ta EGF da Noggin da wani mai ƙarfafa Wnt a cikin abu mai kama da kitse mai laushi, tana gina ƙaramin hanji mai ramukansa. Ray Schofield ya riga ya faɗa a 1978 cewa zama ƙwayar tushe ya dogara da gurbin da take ciki, kuma hanji ya gaskata shi.

A jini saƙon yana iya zuwa daga nesa. Ɓargo yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kowace kuma tana rayuwa kimanin kwana 120. Idan oksijin ya yi ƙaranci, ƙoda tana ƙara fitar da sinadarin EPO, wanda ke bi ta jini ya isa ɓargo ya hana magabatan jajayen ƙwayoyi mutuwa, kuma shi ya sa masu ciwon ƙoda mai tsanani kan yi fama da ƙarancin jini.

Ƙwayar da ta riga ta ƙware za ta iya komawa baya?

A cikin jiki da wuya ta yi nisa, amma a ɗakin gwaje-gwaje an mayar da ita har farko. John Gurdon ya nuna a 1962 cewa cibiyar ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo, idan aka sa ta cikin ƙwan da aka cire wa tasa cibiyar, tana iya gina sabon ɗan kwaɗo cikakke, wanda ke tabbatar da cewa ƙwarewa ba ta goge kome daga DNA. Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ta Japan ya rage aikin zuwa makunnai huɗu, Oct4 da Sox2 da Klf4 da c-Myc, waɗanda suka mayar da ƙwayar fatar ɓera ƙwayar tushe a 2006, ta mutum kuma a 2007. Su biyun sun raba kyautar Nobel a 2012.

Me ke faruwa idan saƙo ya ɓaci?

A tayi sakamakon nakasa ne. A shekarun 1950 makiyaya a jihar Idaho ta Amurka sun riƙa samun 'yan tumaki masu ido ɗaya a tsakiyar goshi, aka gano cewa iyayen sun ci wani tsiro ne a farkon ciki, kuma sinadarin da ke cikinsa yana toshe hanyar Hedgehog, wadda ita ce ke raba fuska da ƙwaƙwalwa gida biyu. Haka nan maganin ƙurajen fuska mai suna isotretinoyin, ɗan dangin retinoyik, an hana shi ga mai ciki saboda yana rikita tsarin fuska da zuciya da ƙwaƙwalwar tayi.

A baligi kuwa sakamakon yakan zama sankara. Mafi yawan sankarar babban hanji tana farawa da lalacewar APC, wato ƙungiyar rusa beta-katenin ta daina aiki, ƙwayar ta riƙa jin kamar Wnt yana nan har abada, ta ƙi barin halin rabuwa ko da ta bar ƙasan ramin. Akwai kuma wata sankarar jini inda ƙunsoshin DNA, wato kromosom, na 15 da na 17 ke musayar sassa su samar da gurɓataccen makarɓin retinoyik, wanda ke tsayar da fararen ƙwayoyin jini a tsakiyar girma. Likitoci a Shanghai ta ƙasar Sin sun nuna a shekarun 1980 cewa ba da retinoyik mai yawa yana tilasta wa ƙwayoyin su ƙarasa girma su mutu mutuwarsu ta al'ada, kuma a yau wannan magani tare da sinadarin arsenik yana warkar da mafi yawan masu cutar.

Ina aka kwana wajen amfani da wannan ilimi a magani?

Hanyar da ake bi ita ce a kwaikwayi tayi mataki-mataki. Domin samun ƙwayoyin da ke fitar da insulin, ana fara kai ƙwayar tushe shimfiɗar ciki da Activin, sannan a bi da FGF da retinoyik tare da toshe Hedgehog da BMP har makunnan PDX1 da NKX6.1 su bayyana, sannan a toshe Notch don a buɗe hanyar zama mai fitar da sinadari, aikin da ke cin makonni huɗu zuwa shida. Ɗakin binciken Douglas Melton a Harvard yana cikin waɗanda suka kai ga ƙwayoyi masu amsa sukari a 2014, kuma a sakamakon gwajin kamfanin Vertex da aka bayyana a 2025, mutum 10 cikin 12 masu ciwon sukari nau'i na ɗaya sun daina allurar insulin bayan shekara guda, ko da yake suna shan magungunan danne garkuwar jiki. A Japan an dasa wa wata mata ƙwayoyin tantanin ido da aka samar daga fatarta a Kobe a 2014, aka kuma fara gwajin cutar Parkinson a Kyoto a 2018.

Matsaloli biyu suna nan daram. Ƙwayoyin da ake samu sukan fi kama da na tayi fiye da na baligi, musamman na zuciya da na hanta, domin saƙonnin da ke ƙarasa balaga suna aiki ne cikin watanni da shekaru, tare da bugun jini da nauyin aiki da faranti ba ya bayarwa. Sannan duk ƙwayar da ta kuɓuce ba ta ƙware ba tana iya tsirowa ta zama ƙari mai haɗe da gashi da guringuntsi da guntun hanji a wuri ɗaya, don haka tacewa kafin dashe ba abin wasa ba ne.

Shin allurar ƙwayoyin tushe da wasu wurare ke tallatawa don kowace cuta tana da tushe a wannan ilimi?

Abin da aka bayyana a sama ya isa ya sa mutum ya yi shakka, domin ƙwayar da aka ɗebo daga kitse aka zuba a jini ko ido ko laka ba ta samun jerin saƙonnin da za su mayar da ita jijiya, kuma tarihinta ya riga ya rufe mata wannan hanya. Maganin ƙwayoyin tushe da ya daɗe da tabbata shi ne dashen ɓargo ko ƙwayoyin tushe na jini, wanda E. Donnall Thomas ya sami Nobel a kansa a 1990, ana kuma amfani da shi a sankarar jini da sikila da wasu cututtukan garkuwa, kuma yana aiki ne saboda ƙwayoyin suna bin saƙon CXCL12 su koma gurbinsu na asali a ɓargo, inda aikin da ake nema daga gare su shi ne wanda suka saba yi. A 2017 wata mujallar likitanci ta ba da rahoton wasu tsofaffin mata uku a jihar Florida da aka yi wa allurar ƙwayoyin kitsensu a idanu biyu a rana guda, a wani wurin da ya karɓi kuɗinsu, dukansu kuma suka yi mummunar asarar gani.